Littattafan da Littafi Mai Tsarki Ya Ambata Amma Ba Sa Cikinsa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa a wurin binciken Littafi Mai Tsarki, a ajin baftisma da zumuntar ɗalibai, daga Wusasa zuwa Sabon Gari har Samaru. Yawanci da waya abin yake farawa. Wani ya turo Littafin Anuhu ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa, "Ga abin da aka ɓoye muku." Wanda aka turo wa ya buɗe wasiƙar Yahuza, ya ga lalle sunan Anuhu yana nan, sai hankalinsa ya tashi. Zai fi amfani ka karanta amsoshin nan da Littafinka a buɗe, kana duba kowace aya da idonka.

1. Da gaske ne Littafi Mai Tsarki ya ɗauko magana daga littattafan da ba sa cikinsa?

Gaskiya ne, kuma bai ɓoye ba. Yahuza aya 14 da 15 ta kawo maganar da ke cikin Littafin Anuhu 1:9 kusan kalma da kalma. Bulus ya ɗauko daga marubutan Helenawa a wurare uku. A Atina, da ya ce mu ma zuriyarsa ne (Ayyukan Manzanni 17:28), baitin mawaƙi Aratus ya kawo. Maganar da ke 1 Korantiyawa 15:33, cewa zama da miyagu yakan ɓata halin kirki, tana cikin wasan kwaikwayon Minanda. Tsattsaurar maganar nan a kan Karitawa a Titus 1:12 kuwa, malaman ikilisiya tun na farko sun ce ta Efimenidis ce, mutumin Karita da ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu.

Tsohon Alkawari ya ma fi yin haka. Littafin Ƙidaya 21:14 ya ambaci Littafin Yaƙoƙin Ubangiji. Joshuwa 10:13 da 2 Sama'ila 1:18 sun ambaci Littafin Yashar. 1 Sarakuna 11:41 ya tura mai karatu zuwa littafin ayyukan Sulemanu, 1 Tarihi 29:29 kuma zuwa rubuce-rubucen Sama'ila da Natan da Gad. Ezra ya kwafo wasiƙun da aka yi musaya da fadar sarakunan Farisa, ya bar su a harshen Aramiya yadda suke. Luka ma ya faɗa da bakinsa (1:1-4) cewa mutane da yawa sun riga shi rubutawa, shi kuma ya bi diddigin kome tun daga farko.

2. In manzo ya ɗauko magana daga littafi, ba shaida ce cewa littafin hurarre ne ba?

A'a. Waƙar Aratus ta isa ta raba wannan gardama. Waƙar taurari ce da alamun yanayi, kuma da yabon Zafsa, babban gunkin Helenawa, ta buɗe. Wanda Aratus yake nufi da "zuriyarsa" Zafsa ne. Bulus ya ɗauki rabin baiti ɗaya wanda yake gaskiya in aka jingina shi ga Allah Mahalicci, ya kuma yi amfani da shi nan take ya rushe bautar gumaka a aya ta 29. Da ɗauko magana yana mai da littafi Nassi, da sai mu saka waƙar yabon gunki a tsakanin Romawa da Korantiyawa, ba kuwa wata ikilisiya a duniya da ta taɓa yin haka.

Ka duba yadda ake yi a kotu. Alƙali yakan karɓi shaidar mutum a kan abin da ya gani ranar kaza a wuri kaza. Karɓar nan ba ta mai da duk abin da mutumin ya taɓa faɗa a rayuwarsa hukuncin kotu ba. Abin da aka karɓa shi aka karɓa.

Ta ɗaya gefen ma haka ne. Sabon Alkawari bai ɗauko ko aya ɗaya kai tsaye daga Esta ko Waƙar Waƙoƙi ba, amma suna cikin Littafi Mai Tsarki. Ashe ke nan ɗaukowa ba ta shigar da littafi, rashin ɗaukowa kuma ba ya fitar da shi.

3. To ita jimlar da aka ɗauko ɗin, ta zama Maganar Allah?

Ta zama sashen hurarren Nassi a wurin da Ruhu Mai Tsarki ya sa ta, da ma'anar da marubucin Nassi ya ba ta. Ikonta daga inda take zaune yanzu yake fitowa, ba daga inda aka ɗauko ta ba. Sai dai dole a rarrabe tsakanin abin da Nassi ya ba da labarinsa da abin da Nassi ya tabbatar. Ayyukan Manzanni 23:26-30 ya kwafo wasiƙar Kalaudiyas Lisiyas, shugaban soja, inda ya rubuta wa gwamna cewa ya ceci Bulus ne don ya ji shi ɗan ƙasar Roma ne. Koma sura 22:24-29, za ka ga sai da ya sa aka ɗaure Bulus za a yi masa bulala kafin ya san haka. Luka ya kwafo wasiƙar daidai, amma bai wanke Lisiyas ba.

Saboda haka duk inda ka ci karo da maganar da aka ɗauko, yi tambaya uku. Wane ne ya faɗe ta tun asali? Marubucin Nassi ya amince da ita ne, ko labarinta kawai ya bayar, ko ƙaryata ta yake yi? Wace magana yake so ya kafa da ita a wannan sura? A Titus 1:13 Bulus ya ce shaidar nan gaskiya ce, amma abin da yake kafawa shi ne Titus ya tsawata wa masu ɓata ikilisiya a Karita don su zama sahihai a bangaskiya. Bai ba kowa izinin zagin wata kabila ba.

4. Akwai alamar da ake gane Nassi ake ɗaukowa ko wani rubutu dabam?

Sau da yawa akwai. In manzanni za su kawo Tsohon Alkawari sukan ce "a rubuce yake", ko "Nassi ya ce", ko "Ruhu Mai Tsarki ya ce" kamar a Ibraniyawa 3:7. A Atina kuwa Bulus cewa ya yi waɗansu mawaƙanku. A Titus ya ce wani daga cikinsu. A 1 Korantiyawa 15:33 bai ambaci kowa ba, domin maganar ta riga ta zama karin magana a bakin mutane. Wurin da ya fi wuya shi ne Yahuza 14, duba tambaya ta 6.

5. Mene ne Littafin Anuhu, wa kuma ya rubuta shi?

Ba littafi ɗaya ba ne, tarin rubuce-rubuce biyar ne da aka haɗa, sura 108. Akwai Littafin Matsara, wato mala'ikun da suka sauko duniya (1-36), da Misalai (37-71), da Littafin Taurari (72-82), da Mafarkai (83-90), da Wasiƙar Anuhu (91-108). Yahudawa dabam-dabam ne suka rubuta su, mafi tsufa wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, na ƙarshe kusa da zamanin Yesu. Anuhu na Farawa 5:24, wanda ya yi tafiya tare da Allah tun kafin ruwan tufana, ba shi ya riƙe alƙalamin ba. Al'ada ce a wancan zamani a rubuta wahayi da sunan wani babban mutum na dā.

Cikakken littafin a harshen Gi'iz na Habasha kaɗai ya tsira. James Bruce ya kai kwafinsa Turai a 1773, Richard Laurence ya buga fassarar Turanci a 1821. Daga baya aka samu gutsattsarinsa da harshen Aramiya a kogo na 4 na Kumran, bakin Tekun Gishiri, amma ba a samu sashen Misalai a can ba. Littafin da ake bugawa a fili tun 1821 ba za a kira shi ɓoyayye ba.

6. Amma Yahuza ya ce Anuhu "ya yi annabci". Wannan bai isa ba?

Wannan ce hujja mafi ƙarfi ta masu son littafin, bai kamata a raina ta ba. Amma yin annabci sau ɗaya bai mai da duk maganar mutum Nassi ba. Yahaya 11:51 ya ce Kayafa ya yi annabci a kan mutuwar Yesu, alhali yana tsakiyar ƙulla yadda za a kashe shi. Bal'amu ya faɗi gaskiya a kan Isra'ila, Yahuza ɗin nan kuma a aya ta 11 ya sa shi cikin misalan ɓatattu. Bulus ya kira Efimenidis annabinsu.

Masu fassara sun kasu biyu. Waɗansu sun ce ainihin maganar Anuhu ce da aka riƙe baki da baki har ta shiga littafin, Ruhu kuma ya tabbatar wa Yahuza da ita. Waɗansu sun ce Yahuza yana nuni ne ga littafin da masu karatunsa suka sani suke kuma girmamawa, ya ɗauko daga ciki maganar da take gaskiya. Ko wanne ka bi, abin da aka tabbatar shi ne jimla guda: Ubangiji yana zuwa da dubban tsarkakansa ya hukunta marasa tsoron Allah. Wannan kuwa ba sabuwar koyarwa ba ce. Tana cikin Maimaitawar Shari'a 33:2, inda shi Littafin Anuhu ya samo kalmominsa, tana cikin Zakariya 14:5 da Matiyu 25:31.

7. Me ke cikin Littafin Anuhu da bai jitu da Nassi ba?

Sashen farko ya faɗaɗa ayoyi huɗu na Farawa 6:1-4 ya mai da su dogon labari. Mala'iku 200 suka sauko a Dutsen Harmon, shugabansu Shemihaza, suka auri mata, Azazel ya koya wa mutane ƙera takuba da yin kwalliya. Waɗansu kwafin Habasha sun ce tsayin ƙattin da aka haifa kamu 3,000 ne, waɗansu 300. Goliyat dai kamu shida ne da taƙi ɗaya (1 Sama'ila 17:4). Sura 10:8 ta ce a ɗora wa Azazel dukan zunubi, alhali Romawa 5:12 ta ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya. Littafin ma ya saɓa wa kansa, gama 98:4 ta ce mutane ne da kansu suka ƙago zunubi, wanda ya nuna hannu fiye da ɗaya ne ya rubuta shi. Littafin Taurari ya nace cewa shekara kwana 364 ce, rana kuma ta ƙofofi shida take fitowa a gabas.

Abin da ya fi duka nauyi yana 71:14. Bayan surori da yawa suna kwatanta Ɗan Mutum mai zama a kursiyi yana shari'a, sai aka ce wa Anuhu shi ne wannan Ɗan Mutum. Wasu tsofaffin fassarorin Turanci sun gyara ayar ta koma kamar wani dabam ake nufi, shi ya sa mai karantawa a waya ba lalle ya lura ba. Mai bin Yesu ba zai iya riƙe wannan tare da Markus 14:62 ba.

8. An ce dā yana cikin Littafi Mai Tsarki, daga baya aka cire. Haka ne?

Ba a cire abin da bai shiga ba. Bai taɓa zama cikin Nassin Ibraniyawa ba, wato Attaura da Annabawa da Zabura da Yesu ya ambata a Luka 24:44, waɗanda Romawa 3:2 ta ce Yahudawa aka danƙa wa amanarsu. Gaskiya ne wasu Kiristocin farko sun ɗaukaka shi. Tatuliyan na Kartaj, wajen shekara ta 200, ya kāre shi, har ya ce mai yiwuwa Nuhu ne ya adana shi, amma shi da kansa ya yarda cewa Yahudawa ba su karɓe shi ba kuma waɗansu Kirista suna ƙinsa. Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta cewa mutane da yawa sun yi shakkar wasiƙar Yahuza saboda ta ɗauko daga Anuhu. Ka lura da inda shakkar ta nufa: Anuhu bai hau ba saboda Yahuza, Yahuza ne ya sha tambaya saboda Anuhu. Jerin littattafan Nassi na Atanasiyus, bishop na Iskandariya, na shekara ta 367, da na taron Hippo a 393 da na Kartaj a 397, duk sun karɓi Yahuza, ba wanda ya sa Anuhu.

Ikilisiyar Otodoks ta Habasha, mai lissafin littattafai 81, tana karanta shi a matsayin Nassi, haka ma 'yar'uwarta ta Iritiriya. Wannan tsohuwar al'adarsu ce. Katolika da Furotesta da Otodoks na Girka da Rasha duk ba su karɓe shi ba.

9. Daga ina Yahuza ya samo labarin Mika'ilu da Iblis a kan gawar Musa?

Maimaitawar Shari'a 34:5-6 ta ce Musa ya mutu a Mowab, aka binne shi, ba wanda ya san kabarinsa. Babu gardamar mala'ika a wurin. Kilimen da Orijin, malaman Iskandariya, sun ce labarin Yahuza 9 daga wani rubutu ne da ake kira Hawan Musa. Abin da ya rage mai kama da shi kwafi ɗaya ne na Latin da aka samu a Milan aka buga a 1861, ƙarshensa kuma ya ɓata, labarin gawar ba ya cikin abin da ya tsira. Don haka duk wanda ya kawo maka cikakken bayanin yadda gardamar ta gudana, ƙari ya yi. Abin da Yahuza yake koyarwa a fili yake: babban mala'ika ma bai yi zagi ba, ya bar wa Ubangiji tsawatawa, kamar yadda yake a Zakariya 3:2.

10. Su wane ne Yanisa da Yambarisa? Ban gan su a Fitowa ba.

Ba za ka gan su ba. Fitowa 7:11 ta ce masihirtan Masar kawai. Sunayen da ke 2 Timoti 3:8 daga al'adar Yahudawa suka fito, ana kuma samun na farkon a rubuce-rubucen Kumran. Irin wannan akwai shi a Ibraniyawa 11: aya ta 37 da ta ce an tsaga waɗansu da zarto ta yi daidai da labarin da Yahudawa suke bayarwa na mutuwar Ishaya a zamanin Manassa, aya ta 35 kuma ta yi daidai da labarin uwa da 'ya'yanta bakwai a 2 Makabiyawa 7. Ƙa'idar tambaya ta 3 ita ce a nan ma: mun karɓi abin da aka faɗa, ba mu jawo sauran labarin mu ɗora masa ba.

11. Me ya sa Bulus ya kawo mawaƙan arna? Mai wa'azi zai iya yin haka da karin maganarmu?

Mutanen Tudun Arasa, inda Bulus ya yi jawabi a Atina, ba su san Musa ba. A majami'ar Antakiya ta Bisidiya (Ayyukan Manzanni 13) Bulus ya bi tarihin Isra'ila da Zabura, a Atina kuwa ya fara da bagaden da suka gina da baitin da suka haddace. Aratus ma mutumin Kilikiya ne, lardin da Tarsus take. Amma bai tsaya a baitin ba, ya kai su ga tuba da ranar shari'a da tashin matattu, har waɗansu suka yi masa ba'a.

Fasto da ya karanta 1 Korantiyawa 15:33 ya ce, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai," sawun Bulus ya bi, jama'a kuma za su fi riƙe maganar. Inda abin yake lalacewa shi ne in karin magana ta zama ita ce tushen wa'azin, aya kuma ta zama ado. Ba kowace karin magana ce ta jitu da bishara ba, gama akwai masu koyar da ramuwa. A auna ta da Nassi tukuna.

12. Littattafan da suka ɓace, kamar na Yashar, ba su nuna Littafi Mai Tsarki bai cika ba?

Daga guntayen da aka ɗauko, Littafin Yashar da na Yaƙoƙin Ubangiji tarin waƙoƙin yaƙi da na jarumai ne. Littattafan tarihin sarakuna kuwa kundin fada ne, irin wanda aka karanta wa sarki Ahasurus daren da barci ya ƙi zuwa masa (Esta 6:1). Kada a rikita su da 1 da 2 Tarihi da muke da su. Marubucin Sarakuna yana cewa ne, mai son sauran bayani ya je can, ni abin da ya shafi alkawarin Allah na zaɓo. Yahaya ma ya ce Yesu ya yi alamu da yawa da ba a rubuta ba, amma an rubuta waɗannan domin mu ba da gaskiya (20:30-31). Cikar Nassi ita ce ya isa ya kai mutum ga ceto ya kuma shirya shi ga kowane kyakkyawan aiki (2 Timoti 3:15-17), ba wai ya tattara duk takardar da aka taɓa rubutawa a Isra'ila ba.

13. To Littafin Yashar da ake samu a intanet fa?

Kama da wane ba ta wane. Iri biyu ne suke yawo. Na farko labari ne na Ibrananci daga tsakiyar zamanai, an buga shi a Benis ta Italiya a 1625, fassarar Turanci ta fito a 1840. Na biyu ƙirƙira ce ta wani mai buga littattafai a Landan, Jacob Ilive, a 1751.

Ga gwaji mai sauƙi da za ka yi da kanka. 2 Sama'ila 1:18 ta ce makokin Dawuda a kan Saul da Jonatan yana rubuce a Littafin Yashar. Buɗe wanda ke wayarka ka nemi makokin. Na 1625 ya fara daga halitta ya ƙare a farkon zamanin mahukunta, tun kafin a haifi Dawuda, makokin ba ya ciki.

14. Bulus ya ambaci wasiƙun da ba mu da su. In aka tono ɗaya, za a ƙara ta?

1 Korantiyawa 5:9 ta nuna ya riga ya rubuta musu wata wasiƙa, Kolosiyawa 4:16 kuma ta ambaci wadda za ta zo daga Lawudikiya, wadda wasu malamai suke ganin ita ce Afisawa. Akwai "Wasiƙa ga Lawudikiyawa" ta Latin mai aya 20, amma faci ce da aka ɗinka da jimlolin Bulus, yawanci daga Filibiyawa, Jerom kuma ya ce kowa ya ƙi ta. In aka samu ta ainihi za ta zama babbar dukiya ga masu binciken tarihi. Sai dai littattafai 27 na Sabon Alkawari su ne waɗanda ikilisiyoyi a ko'ina suka karɓa suka yi ta karantawa a sujada tun ƙarnonin farko, wasiƙar da ta yi shekara kusan 2,000 a ƙasa kuwa ba ta da wannan shaida.

15. Maƙwabcina ɗan Katolika ne, Littafinsa ya fi nawa yawa. Maganar ɗaya ce da ta Anuhu?

Ba ɗaya ba ce, kuma haɗa su yana kawo gardamar banza tsakanin 'yan'uwa. Na Katolika littattafai 73 ne, na Furotesta 66. Bambancin bakwai ne, duk a Tsohon Alkawari: Tobit, Judit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, 1 da 2 Makabiyawa, da ƙarin sassa a Esta da Daniyel. Sun zo ta hanyar tsohuwar fassarar Helenanci, taron Tirent kuma ya tabbatar da su ga Katolika a 1546. Anuhu da Yashar da Hawan Musa ba sa cikinsu.

Anglikan suna tsakiya. Ƙa'ida ta 6 cikin Ƙa'idodi 39 ta ce ikilisiya tana karanta su domin misalin rayuwa da koyon hali, amma ba ta kafa koyarwa da su. Martin Luta ma a Littafinsa na Jamusanci na 1534 ya sa su a tsakiya, ya ce ba daidai suke da Nassi ba amma suna da amfani a karanta. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta daina haɗa su tun 1826, ita ce kuma ta buga Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, wanda Likita Walter Miller, da ya daɗe a nan Zariya, ya yi aikin fassararsa tare da wasu. Shi ya sa kakanninmu a Wusasa suka tashi da 66. Amfaninsu a fili yake: Idin Tsarkakewa da Yesu ya halarta a Yahaya 10:22 ba ya cikin Attaura, labarin kafuwarsa a shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu yana 1 Makabiyawa 4.

16. Bisharar Barnaba, Bisharar Toma, da Littattafan Musa na Shida da na Bakwai fa?

Waɗannan wani aji ne dabam, domin Nassi bai ɗauko kome daga cikinsu ba, bayan Nassi aka rubuta su. An samu Bisharar Toma, zantuttuka 114, a Naj Hammadi ta Masar a 1945, babu labarin gicciye ko tashi a cikinta. Bisharar Barnaba, wadda abokan zama sukan kawo a hira, tsohon kwafinta na Italiyanci ne na ƙarshen ƙarni na 16. Ta ce Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tuddai. Ta ce shekarar murna duk bayan shekara 100 take zuwa, alhali Littafin Firistoci 25 ya ce 50, ɗari kuwa Fafaroma Bonifas na 8 ne ya shelanta a 1300. Ta kuma sa Yesu yana cewa shi ba Almasihu ba ne, wanda ya saɓa wa Linjila da Alƙur'ani baki ɗaya. A faɗi wannan cikin ladabi, ba da ɗaga murya ba. Kada kuma a rikita ta da Wasiƙar Barnaba, tsohon rubutun Kirista na farko.

Littattafan Musa na Shida da na Bakwai kuwa, da akan gani a teburin masu sayar da littattafai a bakin titi, littafin tsafi ne mai hatimai da sunayen kiran ruhohi, an buga shi a Jamus a 1849. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta abin da ke cikinsa, masu bi na Afisa kuma irinsa suka ƙone (Ayyukan Manzanni 19:19).

17. Zunubi ne Kirista ya karanta Littafin Anuhu? In ba zunubi ba ne, yaya zai karanta?

Ba zunubi ba ne, in aka cire na tsafi da aka ambata a tambaya ta 16. Tun dā ikilisiya ta san da littattafan da ake karantawa don ƙaruwa ba tare da an sa su a sahun annabawa da manzanni ba. Anuhu yana taimaka wa mutum ya gane tunanin Yahudawan zamanin Yesu, da abin da masu karatun Yahuza 6 da 2 Bitrus 2:4 suke da shi a kai sa'ad da suka ji labarin mala'ikun da aka ɗaure.

Amma akwai tsari. Wanda bai taɓa karanta Farawa da Daniyel da Linjila huɗu daga farko zuwa ƙarshe ba, ya fara da su, domin ba zai gane karkatacce ba in bai san miƙaƙƙe ba. Sabon tuba da ɗan ajin baftisma su dakata. A nemi bugun da ya faɗi sunan mai fassara da shekara da bayanin asalin rubutun, ba takardar waya marar kai ba. A ja layi a takarda, a raba gida uku: abin da Nassi ma ya faɗa, abin da Nassi ya yi shiru a kai, abin da Nassi ya ƙaryata. Gida na farko ka riga ka samu a Nassi. Na biyu ka riƙe shi a matsayin ra'ayin mutanen dā. Na uku ka ajiye shi.

18. Wace ɓarna ce aka fi gani, kuma me shugaban rukuni zai yi in wani ya nace?

Uku ne suka fi yawa. Na ɗaya, addu'a da sunayen mala'iku. Anuhu 20 ya jera sunaye bakwai, har da Uriyel da Raguwel, sai ka ji ana kiransu a addu'ar dare. Cikin littattafai 66, Mika'ilu da Jibra'ilu kaɗai aka ambata da suna a cikin tsarkakan mala'iku, Katolika sun ƙara Rafayel daga Tobit, Kolosiyawa 2:18 kuma ta yi gargaɗi a kan yi wa mala'iku sujada. Na biyu, ɗora kowane zunubi a kan aljanu da "jinin ƙattai", har mutum ya daina tuba, ko a hana mata kwalliya da hujjar Azazel. Na uku, girman kai na mai ganin ya san asirin da Baba Fasto bai sani ba. Bulus ɗin da ya ɗauko maganar Efimenidis a Titus 1:12, shi ne a aya ta 14 ya ce kada a kula da tatsuniyoyin Yahudawa.

In mai wa'azi zai ambaci irin littafin nan a mumbari, ya faɗi sunansa, ya ce a fili ba Nassi ba ne, kada ya rufe karatunsa da "Wannan Maganar Ubangiji ce", kada kuma wata koyarwa ta tsaya a kansa shi kaɗai. In ɗan'uwa ya zo da shi wurin bincike, kada a ƙwace wayar ko a kunyata shi a gaban mutane, hakan yakan tabbatar masa cewa lalle ana ɓoye wani abu. A ce masa, "Ɗan'uwa, kawo mu karanta tare." A sa rana, a buɗe Yahuza 14-15 da Anuhu 1:9 da Maimaitawar Shari'a 33:2 gefe da gefe, sa'an nan a ba shi 10:8 da 71:14 ya karanta da bakinsa, a bi da Romawa 5:12 da Markus 14:62. In bayan haka ya ci gaba da koya wa sababbin tuba daga littafin, sai a kai maganar gaban fasto da dattawan ikilisiya.